Mushe, wane harsashi ya fi kaiwa nesa?

Ranar wata Talata ce cikin Janairu, hunturu ya buɗe, ƙura ta rufe Damagaram har duwatsun gari sun ɓace wa ido. An fita hutun ƙarfe goma, ni kuma na tsaya ina goge allo. Can kujerun baya yara huɗu sun haɗa kai a kan salula ɗaya, gardama ta yi zafi har sun manta akwai babba a ɗakin. Da muryoyi suka fara tashi, sai ɗayansu, yaro ɗan shekara goma sha biyar wanda duk shekara bai taɓa ɗaga hannu a darasina ba, ya juyo ya ce, "Mushe, don Allah raba mana gardama. Tsakanin .300 da .338, wane harsashi ya fi kaiwa nesa?"

Ban raba gardamar ba. Na karɓe salular, na jefa ta aljihu, na yi musu faɗan da har ajin da ke maƙwabtaka da mu ya ji. Na ce da su ba su san teburin bakwai ba amma sun san sunayen harsasai. Yaron ya sunkuyar da kai, bai ƙara cewa uffan ba har aka tashi.

Wanda ya san inda nake zaune zai gane dalilin zafin raina. A Kara-Kara nake, kuma yawancin yaran ajin nan 'yan unguwar ne. Tun asali an keɓe wurin ne ga masu ciwon kuturta da sauran waɗanda gari ya ture gefe, daga baya kuma sunansa ya haɗu da na ƙungiyoyin samarin da ake kira palais, masu ɗaga ƙarfe da yawo da wuƙa da adda. A 2021 Aïcha Macky, 'yar garin nan, ta fitar da fim ɗinta mai suna Zinder a kan rayuwar waɗannan samari, duniya ta kalla. Mu da muke ciki mun san unguwar ta fi abin da ake faɗa a kanta, amma mun kuma san gidajen da aka yi zaman makokin yaro saboda faɗan da bai kai ya kawo ba. Malamin da ya ji ɗalibinsa na zancen harsashi a irin wannan wuri, gabansa ne zai fara faɗuwa kafin hankalinsa ya yi aiki.

Da dare na kasa barci. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, karo na farko ke nan da yaron ya yi mini tambaya, kuma tambayar ta kimiyya ce tsantsa: nauyi, gudu, nisa. Abin da nake ta fama in cusa musu tun watan Oktoba ke nan suna hamma. Ya kawo mini shi da hannunsa, na mare hannun.

Washegari na mayar masa da salularsa, na tambaye shi inda ya samo waɗannan lambobi. Ashe daga wasan PUBG ne. A cikin wasan akwai wata bindiga mai madubin hangen nesa da ake kira AWM, harsashinta .300 Magnum, kuma duk wanda ya tsince ta sai a ce ya gama da kowa. Daga wasan suka gangara YouTube, inda wasu mutanen Amurka ke jera bindigogi a kan tebur suna gwada wace ta fi. Yaran da ba su taɓa riƙe ko harba-ka-ruga ba sun haddace sunayen harsasan da ko a barikin soja da wuya su gan su. Na ce ya ba ni mako guda.

Ga abin da na samo, kuma ina kawo shi nan don iyaye da malamai su san abin da 'ya'yansu ke gardama a kai.

Kalmar magnum ba ta nufin wani sihiri. Harsashi ne mai babban kwanso, wanda ke cin albarushi fiye da na yau da kullum, don haka yana tura ƙwayar da ƙarfi fiye da kima. Lambar da ke gaban sunan kuwa kaurin ƙwayar take nunawa. Huɗu ne suka fi yawo a bakin masu wannan gardama.

Dattijonsu shi ne .375 H&H Magnum, wanda wani kamfanin Landan ya fito da shi a 1912 saboda Turawan da ke zuwa Afirka da Indiya farautar manyan namun daji. Ƙwayarsa mai kauri ce, milimita 9.5, nauyinta wajen giram 19, tana fita da gudun mita 770 a sakan ɗaya. An yi shi ne don bauna da giwa da zaki a kurkusa, ba don nesa ba, kuma har yau ƙasashen Afirka da dama ba sa yarda a fuskanci dabba mai haɗari da abin da ya gaza shi.

Sai 7mm Remington Magnum na 1962, da .300 Winchester Magnum na 1963, dukansu 'yan Amurka. Na farko ƙwayarsa siririya ce, wajen giram 10, na biyu wajen giram 12, kuma kowannensu na fita da gudun mita 900 a sakan ko kusa da haka. Siririn ya fi sauƙi a kafaɗa, mai kaurin ya fi nauyin duka.

Na huɗu, .338 Lapua Magnum, a ƙasar Finland aka kammala shi a ƙarshen shekarun 1980, kuma tun farko don soja aka yi shi. Ƙwayarsa giram 16, ita ma gudun mita 900. Da shi wani sojan Ingila, Craig Harrison, ya yi harbin da ya kai mita 2,475 a Afganistan cikin Nuwamban 2009. To, amsar tambayar yaron a taƙaice ita ce .338 ya fi kaiwa nesa, domin ƙwaya doguwa mai nauyi ta fi jure wa iska, ba ta saurin rage gudu.

Amma masu bidiyo ba su cika faɗin kuɗin da ake biya ba. Bindigar da ke ɗaukar .338 tana kusan kilo bakwai, nauyin da ba wanda zai so ya yini da shi a daji. Duk ƙarfin da ya tura ƙwaya gaba yana dawo da gindin bindiga baya, mai harbi ya sha naushi a kafaɗa, har wasu su koyi runtse ido kafin su ja kunama, saitin ya lalace. Ƙararta na iya taɓa jin mutum idan bai toshe kunne ba. Zafin albarushin kuma yana cin cikin bututun, ta yadda bindigar magnum ke tsufa da wuri fiye da 'yar'uwarta mai ƙaramin harsashi.

Ranar Laraba ta gaba na shiga aji na rubuta sunayen nan huɗu a allo. Ban taɓa jin ajin ya yi tsit haka ba. Na ce kowa ya fito da kayensa, yau za mu auna ƙarfin abu mai tafiya: rabin nauyi, sau gudu, sau gudu. Suka duƙufa. Na 7mm ya ba su jul dubu huɗu da 'yan kai, na .300 ya kusa dubu biyar, na .375 ya doshi dubu shida, na .338 wajen dubu shida da ɗari biyar. Wata yarinya ce ta lura cewa .375 ya fi .338 nauyi amma ya gaza shi ƙarfi, ta kuma gano dalili da kanta: gudu sau biyu yake shiga lissafin, nauyi sau ɗaya. Wata uku ina faɗin wannan, ranar ce ya zauna.

Daga nan na ce mu ajiye barewa a nisan mita 500, mu bi ƙwayar .300 har ta isa. Tafiyar na ɗaukar kusan kashi biyu cikin uku na sakan, saboda iska na rage mata gudu a hanya. A cikin wannan ɗan lokaci ƙasa na janyo ta kamar yadda take janyo mangwaron da ya tsinke, ta sauka kusan mita biyu ƙasa da inda bakin bindiga ya nuna. Wannan ana iya gyara shi a madubi, in an san nisan daidai. In aka yi kuskuren mita hamsin wajen ƙiyasi, ƙwayar za ta kauce fiye da taƙi guda. Na nuna musu taga, inda iskar hunturu ke kaɗa ledoji. Iska matsakaiciya, wadda ba ta kai ta ranar ba, in ta bugo daga gefe tana iya karkatar da ƙwayar kusan rabin mita. Wurin da ake so a samu a jikin barewa don ta faɗi nan take kuwa, wato bayan kafaɗa, bai fi faɗin faifai ba.

Sai na tambaye su, in barewar tana kiwo, ta ɗaga ƙafa ta yi taku ɗaya daidai lokacin da aka ja kunama fa? Ba za ta ji ƙara ta tsaya ba, domin sauti mita 340 kawai yake yi a sakan, ƙwaya ta riga shi isa.

Yaron nan mai salula ne ya amsa, a hankali. Ya ce, "A ciki zai same ta, Mushe. Ko a cinya."

Na ce, sai me?

Ya ce, "Sai ta gudu da shi."

Na ce to kai kana nesa da mita 500, kafin ka iso ta shige inda ba za ka gan ta ba. Kwana nawa za ta yi kafin ta mutu? Ba wanda ya amsa. A cikin wasan salula wanda aka harba faɗuwa yake yi, akwatin kayansa ya bayyana, a wuce.

A nan na ba su labarin kakana na wajen uwa, Allah ya jiƙansa. Maharbi ne a wani ƙauye gabas da nan, kan hanyar Gure. Bindigarsa ta toka ce, ƙirar maƙeran gida, ana ɗura mata albarushi ta baki, a danna tsumma, a zuba dalma ko guntayen ƙarfe. Harbi ɗaya take yi, kafin a sake ɗuri an ɗauki lokacin da ko kunkuru ya tsere. In abu ya wuce taku talatin zuwa arba'in, ba ya ɓata albarushinsa. Saboda haka duk gwanintarsa ta taru a wuri ɗaya, wato yadda zai matsa kusa.

Yana da kan burtu da yake ɗaurawa a goshi, ya yafa baƙin zane, ya duƙa. Namun daji sun saba da burtu yana kiwo a cikinsu, ba sa gudunsa. Sai Kaka ya riƙa tafiya a tsugune yana kaɗa kai kamar tsuntsun na tsattsagar ƙasa, ya yi gaba kaɗan, ya ratse gefe, ya tsaya. Kafin ya fara, yakan ɗebi toka a yatsu ya sake ta don ya ga inda iska ta nufa. Wani lokaci tun hantsi yake rarrafe cikin ƙarangiya har azahar, a ƙarshe iska ta juya, garken ya watse, ya dawo gida hannu rabbana yana cire ƙaya a gwiwa.

Sau ɗaya ya tafi da ni, ina ɗan shekara goma sha ɗaya. Na kwanta bayan wata sabara ina kallo har ya kai inda ko dutse ya jefa zai samu. Ya daɗe a duƙe, sannan na ga ya janye da baya ba tare da ya harba ba. A hanya na yi ta mita. Ya ce, "Kai ɗan lakwal, ba ka ga cikinta ba? In na kashe ta na kashe biyu, baɗi kuma me zan tarar?" Abin da na riƙe daga ranar shi ne, ya ga cikin ne saboda yana kusa. Daga nesa duk barewa barewa ce. Shi kuwa ya san mai ciki, ya san mai shayarwa, ya san tsohon namijin da garke ya kora. In ya harba, da bisimilla yake harbawa, wuƙarsa a wase, ya ruga ya yanka kafin rai ya fita. Malamanmu sun koyar da cewa ba a kashe dabba don wasa, ba a kuma barin ta cikin azaba, kuma bindigarsa mai gajeren zango ta taimake shi riƙe wannan.

Ba ina cewa mutanen da waliyyai ne ba. Da Kaka ya sami bindigar da ta fi tasa, Allah kaɗai ya san abin da zai yi da ita. Garin nan ma ya daɗe da sanin darajar makami mai kaiwa nesa. Sarki Tanimu, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ya rasu a 1884, ya tara bindigogi ta hanyar fataken Tarabulus, a zamaninsa ana haɗa albarushi ana kuma zuba igwa a cikin Damagaram, har maƙwabta suka riƙa shakkar ta. Shekara goma sha biyar bayan rasuwarsa, a ƙarshen Yulin 1899, rundunar Sarki Amadu Kuran Daga ta tari sojan Faransa a Tirmini. Mutanenmu sun fi su yawa nesa ba kusa ba, jarumtaka kuma ba a fi su ba. Sai dai bindigogin Faransawa ta baya ake ɗura su, cikin bututunsu akwai tsagi a murɗe da ke sa ƙwaya juyawa kamar katantanwa ta tafi sak, suna samun mutum daga ɗaruruwan mitoci. Mahaya da yawa sun faɗi kafin su kai inda tasu bindigar za ta yi amfani. A yini ɗaya aka gama. Na ce da yaran, gardamar da kuke yi a kujerar baya, kakanninku sun ga amsarta da idonsu a kan hanyar Maradi.

Abin da ya sami dawakin Damagaram a Tirmini shi ya sami namun dajinta daga baya. A nan dole in faɗi gaskiya: ba magnum ce ta cinye dajinmu ba, don kaɗan ne suka taɓa shigowa ƙasar nan. Mota mai shiga rairayi ce, da bindiga mai sarrafa kanta, da baƙi masu kuɗi da suka riƙa zuwa da ayarin motoci da shahuna suna kwasar tuje. Dabarar ce dai iri ɗaya. An cire wa dabba damar tserewa, an cire wa maharbi wahalar da ke sa shi tunani. A 2012 gwamnati ta keɓe yankin Termit da Tin Tumma, arewa maso gabas da mu, ya zama gandun da aka hana farauta. Duk da haka, a binciken da aka yi ta sama da ƙasa a 2016, uku kacal aka gani daga cikin farar dabbar nan mai murɗaɗɗen ƙaho da ake kira adaks, a wurin da ya kasance mafakarta ta ƙarshe a duniya. Dokar farauta ta 1998 tana nan, ta hana taɓa irin waɗannan dabbobi, amma doka ba ta da ƙafar da za ta bi mota cikin Tenere.

Na tambayi ajin sunan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa. Suka amsa baki ɗaya, Mena. Na ce wa ya taɓa ganin mena? Ba ko ɗaya. Wasu ma ba su san dabba ce ba, doguwar barewa mai jan wuya da farin ciki, wadda a yau waɗanda suka rage a dajin duniya duka ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, wasunsu a duwatsun Termit, cikin jiharmu.

Darasin bai wuce lafiya lau ba. Wani abokin aikina, wanda ya girme ni a koyarwa, ya ce na yi ganganci, na ɗauki abin da ya kamata a tsawatar a kai na ɗora shi a allo na ba shi daraja. Bayan kwana biyu kuma mahaifin yaron ya tare ni a ƙofar gida bayan magariba, a kan babur ɗin da yake kabu-kabu da shi. Muka gaisa, ya ce, "Mushe, an ce mini bindiga kake koya musu." Na shiga na ɗauko kayen ɗansa da ke wurina don gyara, na haska masa da fitila. Shafi uku na lissafi, babu kuskure sai ɗaya. Ya daɗe yana kallo ko da yake na san ba karatun boko ya yi ba. Sannan ya ce, "Ni ba mita ɗari biyar nake tsoro ba. Abin da ya ɗauke mini wansa tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba." Ban sami abin cewa ba. Da zai tafi ya ce, "Ka sa masa ido a can, ni ma zan sa a nan."

Har yanzu ban ce abokin aikina bai da gaskiya ba. Akwai yaron da irin wannan darasi zai ƙara wa sha'awar abin da muke gudu, kuma malami ne ya san ajinsa. Abin da na tabbatar kawai shi ne, ranar da na karɓe salula ban cire komai daga kan yaran ba. Sunayen harsasan suna nan, bidiyon suna nan, abin da na rage musu shi ne babba guda da za su iya tambaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a unguwa irin tamu masu jiran tsagar suna da yawa, a fada da tasha da wurin 'yan ruwa-ruwa.

Don haka roƙona ga iyaye, in kun ji ɗanku na ambaton waɗannan sunaye, kafin faɗa ku tambaye shi inda ya ji su, ku sa ya nuna muku wasan, ku ga awa nawa yake ci masa da kuɗin da yake zubawa a ciki. Ga 'yan'uwana malamai kuma, in tambayar ta zo, a amsa ta da gaskiya, sannan a bi harsashin har inda ya sauka. Masu bidiyo a bakin bindiga suke tsayawa. In akwai tsohon maharbi a unguwa ko a dangi, a kai yara su zauna da shi tun yana da rai, don irinsu ƙarewa suke yi kamar naman da suka farauta.

Makon da ya wuce yaron ya sake ɗaga hannu. Ya ce shi bai yarda mutum zai iya zuwa taku talatin kusa da barewa ba. Na aika ƙauye aka kawo mini kan burtun Kaka, gara ta ci gefe ɗaya, igiyar ta tsinke muka sa tsumma. Ranar Juma'a bayan an tashi muka fita bayan makaranta inda awakin unguwa ke kiwo. Ya ɗaura, ya yafa baƙin gyalen wata ɗaliba, ya duƙa. Sau uku awakin na watsewa, 'yan ajin na dariya har da faɗuwa. A karo na huɗu ya tsaya tukuna, ya ɗebi ƙasa ya sake ta, ya zagaya ta ɗaya gefen. Muka ƙirga tare: taku goma sha biyu ya rage tsakaninsa da wata jar akuya kafin ta ɗaga kai. Ya dawo gwiwoyinsa duk ƙarangiya, yana tambaya ko zan bar masa burtun zuwa Litinin.